Kafin ka tada motar tafi-da-gidanka, duba tiyon da zaka yi alwala da ruwansa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya jama'a, Allah ya kara basira. Ni mai karanta jaridarku ne daga nan jihar Texas a Amurka, babbar mota nake tukawa tsakanin jihohi, kuma ina rokon ka bani dan fili in yi magana a kan abin da wani zai ce bai kai a rubutowa jarida ba, wato tiyon ruwa. Eh tiyo, mesar nan da ake jawo ruwa da ita daga famfo. Abin da yasa na dauki waya nake rubutu shine 'yan uwanmu Hausawa da ke nan sun fara shiga harkar motar tafi-da-gidanka, wadda a nan ake cewa RV, wasu suna saye wasu suna haya idan yara sun samu hutun bazara, kuma duk sanda muka tsaya hira bayan sallar Juma'a maganar bata wuce inji da taya da kudin mai da inshora, ban taba jin mutum daya ya tambayi da wane tiyo zai zuba ruwan da iyalinsa zasu sha kuma su yi alwala da shi ba.

Ga na gida da basu taba ganinta ba, mota ce ko tirela da aka yiwa ciki kamar daki, akwai gado akwai kicin akwai bandaki, mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake kera su. Tankuna uku gareta a karkashi, daya na ruwa mai kyau, daya na ruwan wanke-wanke da wanka, daya na bayan gida. Tawa tirela ce ta hannu da nake ja da karamar mota, tankin ruwanta galan 40 yake ci, wajen lita 150 kenan, ka ce jarka shida ta mai garuwa. In ka isa zango, wato filayen da aka ware don masu irin wadannan motoci su kwana, zaka tarar da famfo a tsaye kusa da inda zaka faka, ko dai ka cika tankinka ko ka jona tiyo kai tsaye da jikin motar ruwa ya rika shigowa kamar a gida. To duk abin da zan fada tsakanin wannan famfon ne da jikin motar, tazarar da bata wuce taku goma ba.

Bari in fara da abin da ya same ni. Tafiyarmu ta biyu, ni da maidakina da yara uku, muka sauka wani zango da daddare a gajiye na jona tiyo na bude famfo muka kwanta. Wajen karfe uku na dare uwargida ta tashe ni tace tana jin karar ruwa, ina sauko da kafa sai ji nayi tsundum, mahadar bututu ta karkashin wurin wanke kwanuka ta balle ruwa ya cika kasan motar har ya shiga akwatin da muke ajiye darduma da Alkur'anan yara, wannan ne yafi bata min rai wallahi. Da gari ya waye wani dattijo da ya faka kusa da mu ya kawo geji ya daura a bakin famfon, allura ta haura psi 100, psi shine ma'aunin karfin ruwa. Mu da muka taso da tankin sama bamu san wannan matsalar ba, tankin da ke kan karfe mai tsawon mita 5 karfin ruwan da yake bayarwa bai wuce psi 7 ba, kullum kukanmu ruwa baya zuwa da karfi, a nan kuma karfin ne yake barna. Bututun cikin wadannan motoci na roba ne kuma mahadansa ba wasu masu kwari bane, abin da aka fi so ruwa ya tsaya tsakanin psi 40 zuwa 50, kar dai ya wuce 60. Maganin abin wani dan karamin regileta ne na tagulla mai rage karfin ruwa da bai kai tsawon yatsa biyu ba, mai araha bai kai dala 15 ba, akwai kuma mai geji wanda kai zaka saita da kanka, shi na koma amfani da shi don mai arahar yana rage ruwan har wanka ya zama wahala. Kuma a bakin famfo ake daura shi kafin tiyo, ba a jikin mota ba, don in ka sa shi a jikin mota ka kare motar amma tiyon da filta suna shan duka, zaka ga tiyo ya kumbura kamar macijin da ya hadiyi kwado.

Sai shi kansa tiyon. Wanda ya sayar min da tirelar ya hada min da wani koren tiyo irin na ban ruwan fulawa yace kyauta ne, na karba da godiya, wata biyu muna shan ruwa ta cikinsa. Shayi ne ya tona asiri, duk yadda aka dafa shi sai kaji warin roba, yara suka ki shan ruwan sai na gora, ashe ruwa baya tsami banza. Tiyon lambu ba don sha aka yi shi ba, robarsa tana iya sakin sinadaran da ake zubawa don ta yi laushi, bakinsa na tagulla kuma yana iya kunsar dalma, kuma in ya kwanta a rana ruwa ya yi zafi a ciki abin karuwa yake. Akwai doka a nan da shugaba Obama ya sawa hannu a 2011 ta fara aiki a watan Janairun 2014, ta rage dalmar da aka yarda ta kasance a kayan famfon ruwan sha daga kashi 8 cikin dari zuwa kashi 0.25, to amma tiyon lambu baya cikin lissafin kayan ruwan sha, don haka babu wanda ya tilastawa mai yinsa. Mu ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba, muna tune da abin da ya faru a kauyukan Zamfara a 2010 inda yara sama da 400 suka rasu ta dalilin nikan duwatsun zinare a cikin gidaje, Allah ya jikansu, nan Amurka ma garin Flint na jihar Michigan ya dandana tasa tun 2014 ta hanyar ruwan famfo. Ba ina cewa abin da ke fita daga tiyo ya kai na Zamfara bane, ko kusa, amma dalma taruwa take yi a jiki kuma kwakwalwar yaro take fara tabawa, kuma likitoci sun ce babu wani adadinta da za a ce ba komai a jinin yaro. To don me zan bari saboda dala ashirin?

Tiyon ruwan sha yawanci fari ne ko shudi, amma kar launi ya rude ka, karanta jikin kwalin ka ga an rubuta na ruwan sha ne kuma ka nemi tambarin NSF 61, wato shaidar an gwada shi ya dace da ruwan sha, in da 372 a kai ma ya fi don ita ce ta batun dalma. Fadinsa iri biyu ne aka fi samu, rabin inci da kuma 5/8, ni mai 5/8 na zaba don ruwa yafi gudu. Tsawo kuma shawarata kar ka sayi guda daya mai kafa 50, sayi biyu masu kafa 25 ka kara da gajere mai kafa 10, saboda yawancin zango guda daya ya isheka, ragowar kafa 25 din in dogo ka saya haka zata kwanta a nade a rana cike da ruwan da baya motsi, ga wahalar nadewa da safe kana sauri. Ranar da famfo ya yi nisa sai ka hada biyun, ranar da daya ya fashe kana da na biyu.

Kananan kayan hadi ba zan dade a kansu ba. Elbo na tagulla, wato lankwasasshiyar mahada, a bakin shigar ruwa na jikin mota don nauyin tiyo kar ya rika jan bakin yana karya shi, wannan dole ne. Mahada mai baki biyu a kan famfo don ka samu inda zaka cika buta ko ka wanke kafa ba sai ka kwance komai ba. Washa ta roba ka sayi leda guda ka jefa a akwati, kusan duk yoyon da zaka gani a bakin tiyo washa ce ta fadi ko ta tsage, kuma kar ka bata lokaci kana nada farin salatif din masu gyaran famfo a bakin tiyo, shi ba hakoransa ne ke rike ruwa ba washar ce, salatif na bututun karfe ne. Akwai wata 'yar roba da ake cusawa a bakin famfon da hakoransa suka cinye ko wanda bashi da su sam, tana da amfani wajen cika tanki a dazukan gwamnati amma ka tsaya a wurin rike da ita don bata jure karfi. Duk na tagullan nan ka tabbatar an rubuta babu dalma. Wani abu kuma ga masu tunanin dauko irin wannan mota ko kayanta zuwa gida, hakoran bakin tiyon Amurka daban suke da na famfon da aka saba da shi a Najeriya da Ingila, duka ana ce musu inci 3/4 amma na nan hakora 11 da rabi ne a kowane inci, na tsarin Ingila 14, zai kama zagaye daya ko biyu sai ya cije, in ka matsa da filaya ka lalata duka biyun. Ka sayi mahadar da ke juya wannan zuwa wancan tun kafin kaya su hau jirgi.

Yanzu maganar tsarki. Tankin bayan gida ana zubar da shi ne ta wani katon tiyo mai fadin inci 3 a wuraren da aka tanada, bayan nan sai a daura tiyon ruwa a dauraye cikin tankin. Na sha gani da idona mutum ya gama wannan aikin da farin tiyonsa, ya nade shi ya jefa akwati daya da na kazanta, gobe ya jona shi ya dafa kofi. Wani kuma zai kawo bakin katon tiyon nan har kan famfon ruwan sha ya dauraye ya tafi, kai kazo bayansa da awa daya baka san komai ba. Shi yasa ni kafin in daura komai sai na fesa ruwan bilic irin na wanki a bakin famfo na barshi minti daya ko biyu, in bude ruwa ya zuba kadan sannan in jona. Tiyon dauraye tanki nawa mai launin ruwan lemo ne don ko yaro ya gani ya san ba na sha bane, yana da dan bawul a baki da ke hana ruwa komawa baya, akwatinsa daban a daya gefen motar, safar hannunsa daban. Farin kuma in na gama sai in daga shi ruwan ya tsiyaye tas in murda bakinsa biyu a hade don kar kwari ko kasa su shiga. Duk wanda ya taso gidan da butar bandaki daban take da kofin randa ba sai an koya masa wannan ba, kawai dai mutum ne in ya zo bakon wuri sai ya ga kamar abin da kowa ke yi shine daidai.

Amma duk wannan ba shine ya hana ni barci ba, ga abin da yasa na ce sai na rubuto. A watan Mayun 2025 hukumar CDC mai kula da cututtuka a nan Amurka ta fitar da rahoton wata mata mai shekara 71 da ta rasu a nan Texas a 2024. Lafiyarta kalau, tana zango da motarta irin wannan, ta rika wanke cikin hancinta da ruwan famfon motar ba tare da ta tafasa ba, cikin kwana hudu zazzabi da ciwon kai da rudewa suka kama ta, kwana takwas da fara ciwon ta cika. Abin da aka samu a jikinta wata kwayar halitta ce da ake kira Naegleria fowleri, wadda 'yan jarida ke cewa mai cin kwakwalwa. Da aka gwada ruwan daga baya ba a ga kwayar a ciki ba, amma an tarar ruwan bashi da isasshen sinadarin kashe kwayoyin cuta irin su kulorin. Ita wannan halitta ruwa mai dumi take so, kuma in ka sha ta bata yi maka komai, ta hanci take bi ta haura kwakwalwa. Ba kasafai take kama mutum ba, daga 1962 zuwa 2023 mutum 164 aka sani a duk Amurka, amma hudu ne kacal suka rayu a cikinsu.

Malam Edita da na karanta sai jikina ya yi sanyi, don makwabcina na zango in ya wanke hancinsa sau daya a wata ya yi da yawa, ni kuwa da iyalina sau biyar a rana muke shaka ruwa a hanci, har muna koyawa yara su ja shi sosai ya shiga. A birnin Karachi na Pakistan an dade ana samun masu mutuwa da wannan cuta a lokacin zafi, kuma likitocin can sun danganta da dama daga ciki da ruwan tankunan gida marasa isasshen kulorin da ake alwala da shi. To ka duba yanayin motar nan, tanki na roba a karkashi, zafin Texas a watan Agusta yana wuce digiri 38, ruwa ya kwana sati uku ba a taba ba, tiyo a shimfide a rana har in ka bude ruwan farko yana kona hannu. Babu abin da kwayar cuta take nema da ya wuce haka.

Kuma akwai wani kuskure da mu masu son tsafta muka fi fadawa. Kowa yana sayen filtar nan shudiya mai gawayi a ciki da ake daurawa a tiyo, tana da kyau tana cire kasa da wari ruwa ya yi dadi, amma ramukanta sun yiwa wannan kwayar fadi, wucewa zata yi abinta, sannan gawayin aikinsa kenan ya tsotse kulorin. Ma'ana in ka cika tanki ta cikinta ka zuba ruwan da ka cirewa mai gadinsa ka rufe ka ajiye a zafi. Ni yanzu in zan cika tanki bana bi ta gawayi, ina barin ruwan gari ya shiga da kulorin dinsa, tacewar sai a bakin famfon kicin inda za a sha. Ita ma filtar in ta yi wata uku ko ta kwana biyu a ajiye da danshi jefar da ita nake, ba kayan gado bace.

Tankin kuma ina wanke shi farkon kowace bazara da duk sanda motar ta dade a ajiye. Bilic na wanki wanda bashi da turare, irin su Hypo ko Jik a gida, rubu'in kofi wato wajen mililita 60 ga kowane galan 15, a dama shi a bokitin ruwa tukuna kar a zuba shi tsura, a cika tanki a bude kowane famfo har a ji warinsa a rufe, a barshi akalla awa hudu ni kwana nake bari, sannan a zubar a dauraye har warin ya tafi. Ta cikin farin tiyon nake tura hadin don shima ya samu rabonsa. Duk da haka ruwan shaka a hanci na ware shi, uwargida tana tafasa tukunya guda da safe, ya tafasa minti daya cur, in muna kan duwatsu irin na Colorado inda tsayi ya wuce kafa 6,500 minti uku, ya huce a zuba a buta mai murfi wadda ba a komai da ita sai alwala. Ranar da bamu samu tafasawa ba ruwan da aka tace ta hanyar turiri muke saye na galan a kanti. Yaran sun saba har karamar tana tuna min in na nufi famfo.

Sanyi kuma a takaice, ruwa in ya daskare yana kara girma da wajen kashi 9 cikin dari, duk wanda yake Texas a watan Fabrairun 2021 ya ga yadda bututu suka rika fashewa a gidaje balle tiyo a waje. In an ce daren zai sauka kasa da sifili ka cika tanki ka kwance tiyo da regileta da filta ka shigar da su ciki. Akwai tiyo mai waya a jiki da ake jonawa a wuta yana dumama kansa, yana da tsada, sai in zaka zauna wuri mai sanyi da dadewa ne zai biya kudinsa.

Rokona gareka Malam Edita guda daya ne. Tun muna Islamiyya aka koya mana ruwan alwala shine wanda launinsa ko dandanonsa ko kamshinsa bai canza ba, to ga ruwan da ya dauki warin roba a tiyo, ga kuma wanda yake garau a ido ba wari ba komai amma ya kwana sati uku a tanki mai zafi. Don Allah ku hada malamin fikihu da likita a shafi daya su yi mana bayanin wadannan biyun da Hausa, su fada mana yadda matafiyi zai yi da shaka ruwa in bai yarda da ruwan da ke gabansa ba. In kun buga zan fitar da shi a takarda in lika a allon sanarwa na masallacinmu kafin a bada hutun makaranta a karshen watan Mayu, don akwai iyalai hudu da na sani da suka riga suka kama hayar mota.

Nagode, a gaida duk ma'aikata.

Naku,
Wani direba mai karanta jaridarku, daga Texas, Amurka